Ragon Dakta Hambali

A wani ƙauye na bakin kanal, tsakanin Kura da Bunkure, an yi wani mutum mai suna Hambali, wanda tun da ya iya magana ba a taɓa jin ya ce bai sani ba. Shekarar da aka matsa wa manoman rani su koma noman alkama, an ɗebi mutum goma daga garinsu an kai su kwas na kwana biyu. Mutum tara suka dawo da iri a ƙullin leda. Hambali ya dawo da hular hana-sallah, da biro uku a aljihun gaba, da sunan da ya raɗa wa kansa tun a cikin mota: Dakta. Mutanen gari suka karɓi sunan hannu bibbiyu, don yana da daɗin faɗa idan ana dariya. Shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce.

Matarsa Barira tana da tumaki bakwai. Asalinsu tunkiya ɗaya ce da mahaifiyarta ta ba ta, ta yi shekara tara tana tattalinsu. Daga cikinsu ake yanka na suna, daga cikinsu ake sayarwa idan yaro ya kwanta ciwo. Da tana da rago ɗan madaidaici wanda ba ya fashin aikinsa, sai Dakta ya zauna ya yi nazari, ya ga cewa takin zamanin da ke sa alkama tsayi ba zai ƙi sa rago tsayi ba. Ya zuba masa gwangwani biyu a cikin dusa da safe. Kafin azahar ana neman wuƙa a guje, naman ma ba wanda ya yarda ya kai bakinsa. Dakta ya ce da ma ragon ba shi da ƙarfin jini.

Barira ba ta yi dogon surutu ba. Ta yi wata uku tana yanka tumatir tana shanyawa, har tafin hannunta ya tsattsage, ta sayar da kauɗar ta ƙulle abin da ta samu a tsumma. Ran nan da hantsi ta ajiye ƙullin a gaban mijinta.

"Malam, Dattijo yana da wani ɗan rago a rugarsu, bayan gonakin shinkafa. Uwarsa tagwaye take haifa, ubansa ma yana nan, ka gan shi da idonka. Ka kai masa wannan ka jawo mini shi. Iyakar aiken ke nan."

Hambali ya ɗaga hularsa ya dube ta da tausayi.

"Ragon Dattijo? Wannan ɗan tsamurmurin da in ya juya baya sai ka ce akuya? Ke Barira, kin san abin da ake kira inganta iri?"

"Na dai san abin da ake kira rago mai rai."

"To ki saurara. Rago zan sayo miki wanda in ya tsaya sai kin ɗaga kai. 'Ya'yansa tun a ranar haihuwa za su fi waɗannan naki tsayi. Nan da shekara uku mutanen Kumbotso da na Dawakin Kudu layi za su riƙa yi a ƙofar gidan nan da tumakinsu. Allo zan kafa a bakin titin Zariya, da sunana da hoton ƙaho."

Iya, mahaifiyarsa, tana ƙofar ɗakinta tana tsince wake, ko kai ba ta ɗago ba.

"Kai dai ka je inda aka aike ka."

Ranar kasuwa ya zura babbar rigarsa ta Sallah, ya hau kekensa, ya goyo taubashinsa Baballe, ɗan kawunsa, don ya sami mai ba da labarin bajintarsa idan sun dawo. Karar dabbobi ya nufa, ba ruga ba. A kan gadar kanal suka tarar da Dattijo yana shayar da shanu. Da ya ji inda za su, bai nuna ɓacin rai ba.

"Allah ya sa a dace, Malam Hambali. In ragon barbara za ka saya, abu uku za ka duba. Ka sa ya yi tafiya ka ga ƙafarsa. Ka buɗe bakinsa ka ga haƙora, kada a haɗa ka da tsoho. Na uku kuwa, wanda ya fi su duka..."

Hambali ya riga ya taka feda.

"Ka ji mutumin da bai taɓa zama a benci ba yana koya wa Dakta aiki," in ji shi. Amma maganar haƙoran ta yi masa daɗi, kafin su kai Garun Mallam ya faɗa wa Baballe sau uku cewa a kwas aka koya masa ita.

Sun isa kara rana ta ɗaga, raguna a ɗaure layi-layi. Hambali ya gyara hula, ya ciro biro ɗaya ya maƙala a kunne, ya tunkari rago na farko. Ya kama haɓarsa ya yage masa baki. Sai ya ja da baya yana salati.

"Kai! Wa ke da wannan? Ka ji tsoron Allah! Rago ba haƙori ko ɗaya a sama ka kawo wa mutane kasuwa?"

Mai ragon ya saki baki yana kallonsa. Hambali ya wuce na biyu. Shi ma dasashi ne fal a sama. Na uku haka, na huɗu haka. Yana tafe yana faɗa, mutane suna taruwa a bayansa, masu sayar da igiya da masu fura duk sun bar kayansu sun biyo kallo.

"Kasuwar nan gaba ɗaya haɗin baki ne," in ji shi da ƙarfi. "Duk tsofaffi kuka kwaso!"

Wani dattijon mahauci ya dafa kafaɗarsa.

"Ɗana, shekararka nawa kana cin kan rago? Ka taɓa ganin tunkiyar da Allah ya yi wa haƙoran gaba a sama?"

Kara ta ɗauki dariya har raguna suka firgita. Hambali ya ji zufa ta karyo masa a ƙarƙashin hula, amma bakinsa bai mutu ba.

"Naku na ƙauye ne ba su da shi. Ai na zamani a can ciki suke fitowa. Bari ku gani."

Ya cusa yatsa can cikin bakin rago na biyar. Akwai haƙora a ciki kuwa, turame, sama da ƙasa, ragon ya nuna masa su da kyau. Sai da mutum biyu suka ɓanɓare bakin kafin ya zaro yatsan, yana yarfe hannu yana tsalle da ƙafa ɗaya.

"Dakta, an samu haƙoran?" in ji Baballe.

Yanzu Hambali ba rago yake nema ba, abin da zai rufe bakin kasuwa yake nema. Ya ɗaga ido, can a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya ya hango shi. Fari tas, ƙaho a murɗe, gadon bayansa a shimfiɗe kamar tabarma, wuyansa ya yi ninki uku. Sauran raguna suna ta haƙilo suna tunkuyin juna, shi yana tsaye shiru yana tuƙa, kamar alƙali a zaman shari'a. Hambali ya nufe shi, taron ya bi shi.

Mai ragon wani mutum ne mai sanyin magana, sunansa Jaji, wanda ya yi shekara biyu yana turke ragon a gida yana ɗura masa dusa da kanwa.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Layya za ka ajiye wa, ko suna za a yi?"

"Ina ruwanka da abin da zan yi da shi? Faɗi kuɗinsa."

"A'a, don dai ka sani ne. Ragon nan tun yana shekara guda aka..."

"Bawan Allah, na tambaye ka tarihinsa? Ni kallo ɗaya nake yi wa dabba in karance ta."

"Haka ne, amma ciniki ai sai da bayani. Abin da ya sa ka ga ya yi wannan ƙibar..."

"Jini ne! Jinin asali! Kai da ka kiwata shi ma ba ka san abin da kake riƙe da shi ba."

Baballe, wanda ya zagaya bayan ragon ya ɗan sunkuya, ya miƙe da sauri ya jawo hannun rigar Hambali.

"Dakta, zo gefe ka ji wata magana."

"Ba na zuwa."

"Kan ragon nan ne. Wallahi ka zo."

Hambali ya fizge rigarsa. Ya tabbata a ransa baƙin ciki ne ya taso wa Baballe, don bai taɓa mallakar ko ɗan akuya mai ƙaho ba.

"Tun muna yara haka kake. In ka ga zan ɗaukaka sai cikinka ya murɗa. Ka yi mini alkawari a gaban jama'a, daga yau ba za ka ƙara cewa uffan a kan ragon nan ba."

Baballe ya dubi ragon, ya dubi Jaji, ya dubi taron.

"Jama'a, kun ji da kunnenku, shi ya nema. Na yi alkawari. Ko tambayata aka yi ban san komai ba."

Jaji ya faɗi kuɗi. Hambali bai taya ba, don a ganinsa tayi aikin ƙananan mutane ne, ga kuma idon kasuwa a kansa. Ƙullin Barira bai kai ba. Nan take ya sa aka kira mai sayen kekuna, ya sallama kekensa ya cike. Jaji ya miƙa masa igiya yana girgiza kai.

"Allah ya sa albarka. Ni dai na so in yi bayani."

"To yanzu da me za mu koma?" in ji Baballe. "Ko shi za mu hau?"

Ragon ya ƙi tafiya. Taku goma ya yi ya durƙusa, don a rayuwarsa bai taɓa tafiyar da ta wuce daga turke zuwa kwanon dusa ba. Da ƙyar suka sami wata akori-kura da ta sauke tumatir za ta koma da kwanduna. Ƙarti huɗu suka ɗaga shi suna nishi. Yana shiga ya zauna a kan ƙafar Hambali, bai tashi ba har suka iso. A hanya ya zura baki cikin ƙwaryar wata tsohuwa ya share mata zogalen da ta sayo, ta yi ta zazzaga wa Hambali masifa tun daga titin kwalta har suka shiga burji.

"Baba, ki yi alfahari," in ji shi. "Wata rana za ki ce ragon Dakta ya taɓa cin zogalenki."

"Allah ya haɗa ka da wanda zai cinye naka, marar ta ido!"

Da suka kusa gari Hambali ya buga wa direba ya tsaya. Ya tuna bakin mutane. Rago irin wannan in idon mahassada ya faɗa masa tsirara, ai sai ya kwanta. Ya tuɓe babbar rigarsa ya zura wa ragon, ta rufe shi tun daga wuya har ƙasa. Haka suka shiga gari bayan la'asar: rago a gaba cikin babbar riga mai aiki, Baballe yana ja, Dakta a baya daga shi sai singileti da wando da hular hana-sallah, yana tura gindin ragon da kafaɗa.

Masu zaman majalisa a ƙofar masallaci suka miƙe tsaye.

"Baballe, wane ne baƙon? A kawo masa tabarma?"

"Ni na yi alkawari," in ji Baballe.

"Dakta, ina keken?"

"Keke ƙarfe ne, ba ya haihuwa," in ji Hambali yana haki, ya nuna ragon da ya riga ya raɗa wa suna. "Ku matsa wa Birgediya ya wuce."

A gida ya kwashe kayansa daga turakarsa ya sa Birgediya a ciki, ya buga kwaɗo, shi ya koma zaure da tabarmarsa. Ya sa tela ya ɗinka wa ragon riga da buhunan taki, har ƙasa. Ba mai ganinsa, in ji shi, sai ranar ƙaddamarwa. A lokacin ƙaddamarwa ake yayi, ana ta jin ta a rediyo, ta makaranta, ta asibiti, ta rijiyar burtsatse. Hambali bai ga dalilin da zai hana a yi wa rago ba.

Harawar da Barira ta ajiye wa tumakinta ta rani duka ta soma bin hanyar turaka, dami bayan dami. Dusa ta ƙare, aka shiga kowar wake. Tumakin suna tsakar gida suna kallon abincinsu yana wuce su.

"Malam," in ji Barira a rana ta huɗu, "ragon nan lafiyarsa kuwa? Tumaki bakwai a ƙofar ɗaki, ɗaya ma tana neman rago, amma ko ƙofa bai taɓa tunkuya ba. Wancan da ka kashe da tuni ya ɓalle ƙyaure."

"Wancan ɗan tasha ne. Wannan yana da aji."

"Ka buɗe in gan shi. Kuɗina ne."

"Ranar Asabar kowa zai gani."

"Iya, ki sa baki."

"Na sa baki tun yana cikin zani," in ji Iya. "Bai ji ba."

Ranar Asabar da la'asar aka jera bencina a filin ƙofar gida, tsakanin katanga da bakin kanal. Hambali ya aro lasifika da batirin mota daga wajen mai tallan maganin gargajiya, ya ɗaure ƙahon lasifikar a kan katanga yana kallon cikin gari. Ya gayyato mai unguwa. Ya aika wa Dattijo takanas, don ya zo ya ga yadda ake abu. Ya kuma yi shela cewa duk mai tunkiya ya kawo, yau kyauta ne, daga gobe sai da kati. Tumaki kusan talatin suka cika filin, har da bakwai na Barira da Iya ta koro. Manoma suka bar ban ruwa suka zo da laka a ƙafa. Mata suna cikin gidaje suna saurare ta kan katanga.

Hambali ya yi jawabi mai tsawo. Ya yi magana a kan jahilci, da masu kiwon da suka gaji abin ba tare da ilimi ba, yana kallon Dattijo. Ya yi magana a kan dangi mahassada, yana kallon Baballe. Sannan ya shiga ya fito da Birgediya, ya naɗe igiyar a wuyan hannunsa sau uku, ya roƙi mai unguwa ya yaye rigar buhu.

Da aka yaye, filin gaba ɗaya aka ce kai! Gaskiya ragon ya cika ido. Hambali ya ji kansa ya yi girma har hular ta matse shi.

"A saki tumaki!" ya faɗa a lasifika.

Aka saki. Suka kewaye Birgediya. Tunkiyar Barira mai baƙin kunne, wadda take nema, ta matso tana kaɗa wutsiya tana goga jikinta a nasa. Birgediya ya dube ta, ya dubi bayanta, ya hango kwanon dusa da aka ajiye a gindin benci. Ya ratsa ta gefenta ya tafi ya tsoma baki. Da ya gama ya lashe kwanon, ya kwanta ya soma tuƙa.

Wani daga baya ya ce, "Dakta, ko sai an karanta masa jawabin da Turanci?"

"Kunya ce," in ji Hambali. "Dabba mai asali ba ta yin abu a gaban jama'a kamar naku. Kowa ya juya baya. Ranka ya daɗe, har kai, a yi haƙuri."

Aka juya. Mutum sama da sittin, har da mai unguwa da rawaninsa, suka ba rago baya suna kallon gonakin alkama, kafaɗu suna rawa. Aka jima.

"An gama?" in ji mai unguwa.

"Saura kaɗan, ranka ya daɗe."

Da aka gaji aka waiwayo, sai ga Dakta ya tayar da ragon da ƙyar, ya rungumo ƙafafunsa na gaba yana ƙoƙarin ɗora shi a bayan tunkiya, yana yi masa magana a kunne. Tunkiyar ta matsa gaba. Birgediya ya sauko da dukan nauyinsa a kan Dakta, ya zauna a cikinsa ya ci gaba da tuƙa. Sai da Baballe da wasu mutum biyu suka mirgine shi.

Dattijo ya taso a hankali da sandarsa. Ya zagaya ragon sau ɗaya, ya sunkuya, ya miƙe. Mutum ne da ba ya son kunyata kowa, don haka ya matso kusa da Hambali ya rage murya.

"Malam Hambali, mu ɗan koma zaure, ina da magana."

Hambali yana kakkaɓe riga, ransa a ɓace. Ya ga dama ta samu da zai juya dariyar nan ta koma kan wani. Ya fizgo makirfon ya kanga a bakin Dattijo.

"Ba wani zaure! Ni ba na ƙus-ƙus. In kana da abin faɗa a kan ragona, faɗe shi duniya ta ji."

"Gara dai a zaure."

"Faɗi! Ko ka ga abin da ya fi ƙarfin saninka ne?"

Dattijo ya dubi mai unguwa, mai unguwa ya ɗaga masa kai. Ya yi gyaran murya, lasifika ta ɗauka ta watsa har bayan gari, har balbelu suka tashi daga cikin shinkafa.

"To. Ragon nan dandaƙaƙƙe ne. An daɗe da dandaƙe shi. Ko shekara goma zai yi da tumakin nan, sai dai su yi zumunci."

Baballe ne ya fara faɗowa daga benci. Yana birgima a ƙasa yana riƙe da ciki.

"Kwana tara!" yake cewa. "Kwana tara ina riƙe da ita, har ta kusa kashe ni!"

Filin ya kece. Mai unguwa ya ja rawani ya rufe baki, amma idonsa yana hawaye. Daga gidajen maƙwabta aka ji shewar mata tana tashi gida bayan gida. Daga cikin gidan Hambali kuwa abu ɗaya aka ji, ƙarar kwanon sha da aka yi jifa da shi ya daki bango.

"Ƙarya ne!" Hambali ya yi ihu, ya manta makirfon yana hannunsa. "Cuta ta aka yi! A'a, ba a cuce ni ba, ni ba a cuta ta! Irin na zamani ne, nasu a ciki suke!"

"Kamar haƙoran?" in ji Baballe daga ƙasa.

"Mai ragon bai gaya maka ba?" in ji mai unguwa.

"Sau uku yana buɗe baki, ranka ya daɗe," in ji Baballe, "Dakta yana rufe masa."

Hambali ya yar da makirfon. Zai nuna musu da hannunsa. Ya durƙusa a bayan Birgediya ya cusa hannu yana lalube, ya lalubo hagu, ya lalubo dama, bai sami abin da ya fi ƙwallon goruba busasshe ba. Cikin haushi ya matsa da ƙarfi.

Ragon da bai taɓa gudu ba a rayuwarsa ya yi wata ƙara ya zabura. Igiya tana naɗe a hannun Dakta. Ya ja shi a ƙasa ta tsakiyar tumaki, tumaki suka watse cikin mutane, mutane suka hau bencina, bencina suka kife. Suka bi ta kan batirin mota, waya ta fizgo ƙahon lasifika daga katanga ya bi su yana ƙara. Birgediya ya miƙe sai bakin kanal, yana isa gaɓa ya yi kwana. Dakta bai yi kwana ba. Igiyar ta zame, ya tafi shi kaɗai, ya faɗa ruwa da babbar riga a buɗe kamar lema.

Ruwan bai kai wuya ba, amma sai da ya sha ya ƙoshi yana kiran a kawo jirgi. Dattijo ya miƙa masa sanda ya jawo shi. Hular da biro ukun suka bi ruwa suka nufi Bunkure. Birgediya kuwa ya tsallaka cikin alkamar mai unguwa ya sa kai, mai unguwa ya daina dariya.

Kowa ya shiga neman tunkiyarsa. Iya ta tattara bakwai ɗin nan da sandar kara. Sai aka ji muryar Barira daga cikin zaure, ba ta ɗaga ta ba, amma kowa ya ji.

"Iya, a roƙi Baffa Dattijo ya tafi da tumakin rugarsa su kwana biyu, kada lokacin mai baƙin kunnen ya wuce. Yaya Baballe kuma, don Allah ranar kasuwa ka mayar da wancan ƙaton ka sayar wa mahauta, ka biya ta ruga ka taho mini da ɗan ragon."

"An gama," in ji Baballe. "Shi kuma Dakta fa?"

"A bar shi a nan ya tsane. Na share zaure."

Fili ya watse, aka bar Hambali zaune a gaɓar kanal, laka har gira, takalmi ƙafa ɗaya, hannu ya kumbura. Baballe ya kamo Birgediya daga cikin alkama ya jawo shi, ya zo wucewa ta gabansa. Hambali ya bi ragon da kallo, tun daga wuya har cinya. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya tofar da ruwan kanal, idonsa ya soma ƙyalli.

"Baballe, tsaya. Ka ga yadda ya ja ni kuwa? Ƙato kamar ni, tun daga katanga har nan, ko haki bai yi ba."

"Na gani. Gari ma ya gani."

"To ai ku ne ba ku gane ba. Wannan ba ragon barbara ba ne, ragon huɗa ne. Shanu biyu mutane ke wahalar ciyarwa. Ni in na sami 'yar ƙaramar garma na ɗaura masa..."

Baballe ya ƙara naɗe igiyar a hannunsa, ya juya wajen gidan ya ɗaga murya iya ƙarfinsa.

"Barira! Aika gidan duk mai garma a garin nan, a ce ya kulle ta a ɗaki!"